Daga Filin Unguwa a Zariya Zuwa Ƙungiyar Ƙwararru: Matakan da Ɗan Ƙwallo Ke Bi

Tambayar hanyar da ɗan ƙwallo zai bi ya kai ƙungiyar ƙwararru ta yi yawa. Yaran da ke taka leda a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru suna yi, kociyoyin unguwa suna yi, ga kuma iyayen da wani ya zo musu da takarda, wai an gayyaci ɗansu gwaji a Turai, a haɗa kuɗi kafin Juma'a. Kowa so yake ya ji ta ina ake bi. Shi ya sa na jera matakan yadda suke bin juna. Da kai nake, ƙanena mai buga ƙwallo, amma ka kai wa Baba da koci su ma su karanta, don akwai wuraren da sai da sa hannunsu.

Abu biyu za ka riƙa cin karo da su a duk tafiyar. Ƙafarka ce za ta sa a kalle ka, amma takarda ce ke ɗaga ɗan wasa daga wata ƙungiya zuwa wata. Sannan a cinikin gaskiya kuɗi gidanku suke nufowa. Duk inda ka ga suna fita daga gidan zuwa aljihun wani, tsaya ka sake dubawa.

1. Daidaita suna da shekaru

Tattaro takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar NIN, da takardar gama firamare, da sakamakon WAEC ko NECO in kana da shi. Shimfiɗa su gaba ɗaya ka duba. Ranar haihuwa ɗaya ce a cikinsu duka? Sunan fa?

Nan ne muke yawan tuntuɓe. A makaranta an rubuta Muhammad, a NIN Mohammed, koci kuma ya yi maka rajista da Mamman saboda da shi aka san ka a fili. Wani a wannan takarda sunan mahaifi ne a ƙarshe, a waccan sunan kaka, a wata kuma sunan unguwa. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke tantance takardu a wata ƙasa mutum uku yake gani, kuma ciniki na iya tsayawa cak a kan haka. Zaɓi rubutu ɗaya, ka gyara sauran su bi shi tun kana gida, lokacin da babu mai jiran ka.

Sai fasfo. Ba a yin sa sai da NIN, kuma abin da ke NIN shi ne zai hau kansa. Daga Satumbar 2025, mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma naira 200,000. Ka biya da kanka ta shafin Hukumar Shige da Fice, kuma kada ka bari sai gayyata ta zo sannan ka fara nema.

Hattara da mai ce maka a rage shekaru. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI, kuma yara da yawa sun koma gida daga sansanin ƙasa a kan haka. Ko ka tsallake na'ura, tsofaffin takardunka suna nan a makaranta, abokan ajinka kuma suna Facebook. Abin da ya fi damu na shi ne, mai shekara 23 da ya koma 17 gurbin ƙaninsa na gaskiya ya cinye.

2. Shiga ƙungiyar da ke da rajista

Gasar Sallah, kofin ciyaman, kofin unguwa, duk suna gina ɗan wasa, kuma a can ake koyon jure tsawar 'yan kallo. Sai dai ba sa barin tarihi a ko'ina. Ka ci ƙwallo ashirin a kofin unguwa, a idon hukuma ba ka taɓa buga wasa ba.

Tsanin ƙwallon Najeriya hawa uku ne: NPFL mai ƙungiyoyi 20 a sama, NNL a ƙarƙashinta, sai NLO, inda yawancin akademi da ƙananan ƙungiyoyi suke. Ban da su akwai kofin hukumar ƙwallo ta jiha, wanda ta nan ake samun gurbin shiga Kofin Ƙalubale na ƙasa, kuma a nan ne ƙaramar ƙungiya kan haɗu da babba. Ka tambayi koci kai tsaye, cikin ladabi: ƙungiyarmu tana da rajista da hukumar ƙwallo ta Jihar Kaduna? Ni ma an yi mini rajista? Da wane suna, da wace ranar haihuwa? Nemi ka ga katinka da idonka. Daga shekara 12 ake fara rubuta tarihin ɗan wasa, ƙungiya bayan ƙungiya, kuma da wannan tarihin ake raba kuɗi nan gaba.

Hanyar nan ba tatsuniya ba ce a jiharmu. Benjamin Fredrick daga akademin Simoiben ta ɗan wasan Najeriya Moses Simon da ke Kaduna ya fito, ya buga wa Najeriya gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a 2023, daga nan Brentford ta Ingila ta ɗauke shi aro, sannan ta saye shi.

Iyaye, ga naku gargaɗin. Dokar FIFA ba ta yarda wanda bai kai 18 ba ya sa hannu a kwantiragin ƙwararru da ya wuce shekara uku ba. In aka kawo muku takardar shekara bakwai ko goma, ku mayar. Haka kuma tun Mayun 2015 aka haramta wa wani mutum can daban ya mallaki kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa. Alhajin da ya saya wa yaro takalmi ya biya masa kuɗin mota ya cancanci godiya da alheri har ƙarshen rayuwa, amma takardar da ta ce kashi 30 na yaron nasa ne, ita ce za ta sa ƙungiyar kirki ta janye.

3. San inda ake kallo, da abin da ake kallo

Gaskiya ɗaya ce: masu farautar 'yan wasa na ƙungiyoyin waje ba kasafai suke isowa Zariya ba. Sun fi sauka Abuja da Legas, su kalli gasar da aka tara ƙungiyoyi da yawa cikin 'yan kwanaki, ko su je akademin da suke da alaƙa da ita, kamar yadda Midtjylland ta Danmak ta daɗe tana ɗiba daga FC Ebedei, inda Paul Onuachu da Frank Onyeka suka fito. Sai wasannin ƙarshe na NLO, da sansanonin ƙasa na 'yan ƙasa da 17 da 20. Saboda haka ƙungiyar da ke fita da yaranta Kaduna, Kano da Abuja ta fi maka wadda ke lashe kofin gida kullum ba ta tsallake Kwangila ta bar Zariya ba. Masu kai labari kuwa suna nan kusa: tsofaffin 'yan wasa, kociyoyi, alƙalan wasa. Sau da yawa kalmar ɗaya daga cikinsu ce ke sa a turo wani ya duba ka.

Me yake dubawa in ya zo? A filayenmu yanka ake wa ihu. Ka yanke mutum uku, a yi ta shewa, ko da ƙwallon ta ƙare a waje. Shi mai littafin nan da ke zaune a gefe wani abu daban yake rubutawa. Yana duba ko kana waiwayawa ka ga na bayanka kafin ƙwallo ta iso. Yana duba taɓawarka ta farko, ta buɗe maka hanya ko ta maƙale a ƙafa. In aka ƙwace ƙwallo daga wurinka, ka bi ta da gudu ko ka tsaya ɗaga hannu kana wa alƙali magana? Ɗaya ƙafar tana aiki? A minti na 75, da rana ta gasa kowa, har yanzu kana komawa baya? Yakan ma zo da wuri ya ga yadda kake motsa jiki kafin wasa, da yadda kake amsa wa koci in ya yi maka tsawa. Yawancin mintuna 90 ba ka tare da ƙwallo, kuma a waɗannan mintunan ake yanke hukunci a kanka.

Wani abu da nake yawan faɗa wa yara: kowa so yake ya sa lamba 9 ko 10, alhali ɗan baya na hagu mai gudu da ɗan tsakiya mai tare hanya sun fi wuyar samu a kasuwa. Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta Jihar Kebbi, da gefen hagu na baya ya kai Porto. In koci ya mayar da kai baya, kada ka ɗauka raini ne.

Ka kuma nemi damar buga wasa a kan ciyawa ko filin roba kafin ranar gwaji. Wanda ya saba da tsandauri, inda ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama, yakan yi kwanaki kafin ƙafarsa ta gane saurinta a fili mai santsi.

A kula da tantancewar da ake sayar da fom, a tara ɗaruruwan yara, kowa ya buga minti goma. Kafin ka biya, tambayi sunan ƙungiyar da za ta zo, da sunan wanda ta turo, ka neme shi a shafin ƙungiyar. Tambayi kuma su wa aka ɗauka bara, ina suke yanzu. In amsar ta zama kame-kame, masu shirin sun riga sun ci ribarsu a kuɗin fom.

4. Haɗa bidiyo

Cikakken wasa biyu ko uku ake so, na gasa mai rajista, an ɗauka daga wuri mai tudu yadda za a ga rabin fili, kuma lambar rigarka tana fitowa. Daga ciki ka yanko gajere na minti uku zuwa biyar, da alama a kanka kafin kowane motsi. Gajeren shi ke jawo hankali, cikakken shi ake yanke shawara da shi. Ku haɗa kuɗin mai ɗauka ku duka 'yan ƙungiya, ya fi sauƙi. Ɗora a YouTube, ka rubuta ranar wasa, abokan karawa da sunan gasa. Haɗa da shafi ɗaya mai ɗauke da suna, ranar haihuwa, tsawo, ƙafar da ka fi amfani da ita, gurbinka, da ƙungiyoyin da ka buga wa.

Kada ka sa kiɗa, kada ka ƙara wa hoton sauri, kada ka aika bidiyon da kake ta ɗaga ƙwallo kai kaɗai a tsakar gida. Mutanen nan a manhajojin kallon bidiyon 'yan wasa irin su Wyscout suke wuni, suna gane hoton da aka taɓa.

5. Zaɓi wakili

Daga Oktoban 2023, wanda ya ci jarrabawar FIFA ya karɓi lasisi ne wakili. Sunayensu suna shafin FIFA, kowa na iya dubawa. Wanda ya ce maka shi ejan ne, nemi cikakken sunansa da lambar lasisinsa, ka duba. In ya ce shi yaron wani ejan ne, babu laifi, amma da mai lasisin za ka ƙulla yarjejeniya, kuma sai ka yi magana da shi baki da baki. Nemi sunan 'yan wasa biyu da ya taɓa fitarwa, ka kira su.

Yarjejeniya da wakili ba ta wuce shekara biyu, kuma kada ka yarda da sharaɗin da ya ce za ta sabunta kanta. Ladansa kaso ne da ake lissafawa daga albashin da ya samo maka, bayan an sa hannu. FIFA ta taɓa ƙayyade kashi 5 cikin ɗari ga mai albashin da bai wuce dala 200,000 a shekara ba, sai ta dakatar da aiki da ƙa'idar a ƙarshen 2023 saboda shari'o'i a Turai. Duk da haka ma'auni ne mai kyau. Wanda ya ce rabin albashinka nasa ne, ka san da wa kake magana. In ba ka kai 18 ba, wakili ba shi da hurumin tunkarar ka sai da rubutaccen izinin mahaifi ko waliyyi.

Kada ka damƙa wa kowa asalin fasfonka ya ajiye, kwafi ya isa. Kada ka sa hannu a farar takarda. Kada kuma ka ba wakilai biyu izini iri ɗaya a lokaci guda don ganin wa zai riga. Ƙungiya in ta ga mutum biyu suna jayayya a kan yaro ɗaya, sai ta koma kan na gaba a jerinta.

6. Gayyata da gwaji

A nan gidaje suka fi asarar gona da fili, don haka zan daɗe a kai.

Gwaji a wata ƙasa yana da doka. Akwai fom na FIFA da ƙungiya da ɗan wasa ke sa wa hannu kafin a tafi, mai bayyana tsawon gwajin, masauki, abinci da kuɗin jirgi. Mai shekara 21 zuwa ƙasa ba ya wuce mako takwas a ƙungiya ɗaya cikin kakar wasa, wanda ya haura kuma mako uku. In ka ji rauni a lokacin, magani yana wuyan ƙungiya. Mafi muhimmanci, dokar ta hana nema ko karɓar kuɗi don a ba yaro gwaji. Babu wani abu wai shi kuɗin gurbi.

Takardar gayyata kuwa ko a shagon kwamfuta na unguwar PZ ana iya haɗa mai tambarin kowace ƙungiya cikin minti goma. Ga yadda za a tantance ta. Duba adireshin imel ɗin da ta fito, na ƙungiyar ne ko Gmail? Shiga shafin ƙungiyar na ainihi, ka ɗauki adireshin ofishinsu daga can, ka aika musu kwafin takardar ka tambaya ko tasu ce. Kada ka kira lambar da ke jikin takardar, don mai damfarar ne zai ɗauka. Kai ta ofishin hukumar ƙwallo ta jiha su ma su gani. In aka ce lokaci ya ƙure, ba za a jira amsa ba, wannan gaggawar ita kanta amsa ce.

Kuɗin da ke na gaskiya sanannu ne: fasfo, kuɗin bizar ƙasashen Turai na yankin Schengen yuro 90 da ɗan abin da cibiyar karɓar takardu ke ɗorawa, inshorar lafiya ta tafiya da ke ɗaukar nauyin yuro 30,000, da kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas. Jirgi da masauki galibi ƙungiyar da ke son ka ko wakilinka ke ɗauka. Tikiti ya zama na zuwa da dawowa, kuma ka tabbatar da shi a wurin kamfanin jirgin da kanka.

Game da shekaru, sashe na 19 na dokar musayar 'yan wasa ya hana ɗauke wanda bai kai 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da 'yan yanayi kaɗan da ba su shafi yaron Zariya da iyayensa ke Zariya ba. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/10, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma sai da ya jira ranar 14 ga Oktoban 2010 da ya cika 18 kafin ya samu damar buga mata. Victor Osimhen ya ci 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, bai zama ɗan wasan Wolfsburg ba sai Janairun 2017. Waɗanda suka bi ta bayan gida kuwa sun ji a jikinsu: a 2021 FIFA ta hukunta Spezia ta Italiya a kan shigo da ƙananan yara daga Najeriya. Duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 ya sa hannu a Turai, ko bai san doka ba, ko ya san ta sarai.

In Allah ya sa an tafi, ka isa da ƙarfinka, don gwaji ba wurin neman numfashi ba ne. Norwe da Suwidin daga bazara zuwa kaka suke wasa, don haka gwajinsu yakan faɗo a farkon shekara, cikin ƙanƙara, sanyin da hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. Tafi da kayan sanyi da takalmin filin roba. Faɗa musu tun ranar farko ba ka cin naman alade, kana salla, in kuma azumi ne ka sanar da likitansu. Sun saba da 'yan wasa Musulmi. Atisayen ƙarfe tara kuwa, tara saura kwata kana fili.

In ba a ɗauke ka ba, ka dawo kafin bizarka ta ƙare. Na san nauyin wannan magana. An yi maka rakiya, an yi addu'a, unguwa ta ɗauka ka tafi ke nan. Amma wanda ya ɓuya ya zama marar takarda, babu ƙungiyar da za ta iya yi masa rajista, kuma ya toshe wa kansa biza ta gaba. Wanda ya dawo da rahoton gwaji a hannu yana da abin nuna wa ƙungiya ta biyu. Iyaye, ku faɗa wa yaro tun kafin ya hau mota cewa dawowa ba abin kunya ba ne.

7. Ciniki da kwantiragi

In kana da kwantiragi, mai son ka ƙungiyarka zai fara rubuta wa. Su daidaita a kan farashi, yadda za a biya, da kason da za ta samu in aka sake sayar da kai. Wani lokacin aro ake fara yi da zaɓin saye. Bayan nan ake zama da kai a kan albashi, sai gwajin lafiya, sai sa hannu. In saura wata shida ko ƙasa da haka kwantiraginka ya ƙare, kana da 'yancin ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya.

Tun kana gida ka je asibiti a duba zuciyarka da gwiwoyinka. Tsohon raunin da aka ɗaure a gida aka ci gaba da wasa a kai, na'urarsu za ta nuna shi, gara ka sani ka faɗa da bakinka.

Kwantiragi ba ya wuce shekara biyar. Ka nemi kwafi a harshen da kake ji, ka tura wa lauya ya karanta kafin ka taɓa biro. Garin da ke da Kongo, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke koyar da aikin lauya, bai rasa lauyoyi ba. A duba waɗannan: albashin da aka rubuta kafin cire haraji ne ko bayansa, don a Turai tazarar babba ce. Da wane kuɗi za a biya, a wace rana? Wa zai biya haya? Tikiti nawa na zuwa gida a shekara? Me zai faru in ka ji rauni, ko ƙungiya ta faɗa rukunin ƙasa? Ƙungiya ce kaɗai ke da ikon tsawaita kwantiragin? Duk alkawarin da aka yi da baki, a ce a shigar da shi. Ka fita daga ɗakin da kwafinka mai sa hannun ɓangarorin biyu.

Haka abin yake ko a gida, daga NLO zuwa Kano Pillars ko Katsina United: takardar sallama daga tsohuwar ƙungiya, rubutaccen kwantiragi, da ranar da za a biya kuɗin sa hannu.

8. Rajista da izinin aiki

Sa hannu bai sa ka zama ɗan wasansu ba tukuna. Ƙungiyoyin biyu za su shigar da bayanan cinikin a manhajar FIFA mai suna TMS, wadda ta zama tilas tun 2010, kuma dole bayanan su dace. Sannan hukumar ƙwallon sabuwar ƙasa ta nemi takardar sallama ta ƙasa da ƙasa, wato ITC, daga hukumar ƙwallon Najeriya, NFF. Kyauta ake bayar da ita. Mai ce maka ka kawo kuɗin ITC cuta ce. Duk wannan a cikin lokacin da kasuwar musaya ta ƙasar da za ka je take buɗe. Ka kuma sani, a kaka ɗaya ƙungiya uku za su iya yi maka rajista, amma biyu kawai za ka buga wa wasan gasa.

Izinin aiki shi ne dalilin da ya sa ba a cika tashi daga nan a dira Firimiyar Ingila ba. Can kafin a ba ka izinin maki ake tarawa daga wasannin da ka buga wa ƙasa da ƙarfin gasar da ka fito. Holan kuma ta ɗora wa ƙungiyoyinta albashi mai tsada in za su ɗauki wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Shi ya sa ƙofar farko takan zama Beljiyam, Fotugal, Norwe, Suwidin ko Danmak. Wilfred Ndidi daga Nath Boys ya je Genk a 2015, sai Leicester a 2017. Victor Boniface ya fara da Bodø/Glimt a 2019, ya wuce Union Saint-Gilloise a 2022, sai Leverkusen a 2023. Alhassan Yusuf ɗan Kano ya bi ta IFK Göteborg zuwa Antwerp. Zaidu ma a ƙaramar ƙungiyar Mirandela ya taka kafin Santa Clara, sannan Porto a 2020. In aka ce Real Madrid ce ke neman yaron da bai taɓa buga NLO ba, ba sai an yi dogon bincike ba.

9. Haƙƙin ƙungiyar da ta raini yaro

Koci, wannan naka ne. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa a waje, ana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekaru huɗun farko kowace tana da kashi 5 na abin da aka ware, sauran takwas kowace kashi 10. A ce an sayar da shi yuro 2,000,000. Abin rabawa 100,000 ne. Ƙungiyar da ta riƙe shi yana 16, 17 da 18 tana da 30,000, kuma za ta sake samu a ciniki na gaba. Akwai kuma diyyar horarwa idan a waje ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararru.

Tun 2022 ta wata cibiyar FIFA da ke Paris kuɗin ke bi, kuma abin da ke rubuce a tarihin ɗan wasa take bi. Sai ƙungiya tana da rajista, da asusun banki da sunanta, da shaidar shekarun da yaron ya yi a hannunta. Kociyoyi nawa ne a garin nan suka raini yaro tun yana yawo ba takalmi, amma ba su da takarda ko ɗaya? In kuma aka kawo maka takardar yafe diyya don ciniki ya tafi, kada ka sa hannu sai an rubuta abin da za ka samu a madadinta.

10. Bayan an isa

In aka riƙe maka albashin wata biyu, rubuta wa ƙungiya takarda, ka ba ta aƙalla kwana 15 ta biya. In ba ta biya ba, doka ta ba ka damar soke kwantiragi ka kai ƙara kotun ƙwallo ta FIFA, wadda ba ta karɓar kuɗi daga ɗan wasa, muddin maganar ba ta wuce shekara biyu ba. Kada ka tattara kaya ka gudu ba tare da wannan takardar ba. Sai laifin ya dawo kanka, a ce ka biya diyya, har a iya dakatar da kai wata huɗu. Kafin ka amince da kowace ƙasa, duba gargaɗin ƙungiyar 'yan wasa ta duniya, FIFPRO. A 2022 ta ja kunne a kan rashin biyan albashi a wasu ƙungiyoyin Turkiyya, Libiya, Aljeriya da Romaniya, da sauransu.

Ciniki na biyu mintunan da ka buga ne ke kawo shi. Ƙaramar ƙungiyar da za ka buga wasa 30 ta fi babbar da za ka zauna benci, ko da albashin ya fi tsoka. Kada ka raina Masar, Tunisiya ko Maroko, kada kuma ka raina dawowa gida: Ahmed Musa da Shehu Abdullahi duk sun dawo sun sa rigar Pillars.

Ranar da za ka bar kowace ƙungiya, ko kwantiragi ya ƙare ko an rabu da yardar juna, ka karɓi takardar da ke nuna ranar rabuwar, mai sa hannu da hatimi, don sabuwar ƙungiya za ta buƙace ta a TMS. Kada ka sa hannu a kan cewa ba ka bin su komai sai kuɗin sun shiga asusunka. Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura gida, a ajiye kwafi a hannun Baba ko wani yayanka da ka amince da shi.